Yaro mai baki amma bai iya zance ba: rashin tarbiyya ne ko lalura?

Inna_Bagalam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa tanka wa kowa ba, yau dai abin ya cika mini ciki. Yaron wajena ne, ɗan fari, don haka ku yi mini afuwa ba zan kama suna ba. Shekararsa 8, yana CE1, aji na uku na firamare. Baki kam Allah ya ba shi, hadda kuma ba a magana, malamin allo har misali yake yi da shi. Zama da mutane ne ya gagara. Baƙo zai shigo, ba sannu da zuwa ba ina wuni, sai ya tare shi da labarin lakwal daga tsakiya: "sai ya ƙwace ta, shi kuma sai ya faɗa masa." Wa ya ƙwace me? Oho. In ka ce ba ka gane ba sai ya maimaita maka kalmomin nan dai da ƙarfi. Muryar da yake yi wa ƙaninsa magana ita yake yi wa kakansa. Surukata ta zo daga Tibiri ta ce masa ina gajiya, ya ce "ai ban yi aiki ba." Na ce masa kunnen ƙashi gare shi, ya shafa kunnen ya ce nama ne. Yaran unguwa sun fara janye jiki, shi kuma son wasa da su yake kamar me, kullum shi ne a ƙofar gida yana jiransu.

Abin da ya sa na rubuto: makon jiya yana wasa da kofin tangaran na ce masa cikin gatse, "to fasa shi mana, ai na banza ne." Ya dube ni, ya sake shi ƙasa. Na zane shi, yana kuka yana cewa "ke kika ce, ke kika ce." Daren nan ban runtsa ba, don na ga har ya yi barci bai san laifinsa ba. Babansa ya ce ni na shagwaɓa shi. Ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci, ni na kasa tarbiyya ko akwai wani abu?

Alhaji_NaKasuwa: Wa alaikumus salam. Hajiya ba wata lalura a nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka tashi, ka wuce babba ba gaisuwa kunnenka ne zai ba ka labari. Ki bar wa babansa shi wata guda ki gani.

Maman_Tagwaye: Alhaji ka karanta har ƙasa kuwa? Ta ce ta zane shi. Yaron da ya fasa abu da gangan arcewa yake yi, ba ya tsayawa yana kafa hujja da maganar uwarsa.

Mushe_Lawali: Shekara 19 ina riƙe da alli, kuma na ga irin yaron nan ba ɗaya ba ba biyu ba. Mai taurin kai ya san doka, yana karya ta yana satar kallonka. Wannan kuwa zai karya ta a gaban direkta ma, hankalinsa kwance. Na taɓa samun wani da na ce wa "kai, ka ci gaba da surutu kar ka fasa," ya ce to mushe, wato malam, ya ci gaba. Aji ya kwashe da dariya, shi kaɗai bai san abin da ake wa dariya ba. Amma Inna, kafin a je ko'ina a duba masa kunne. Kuma kar wani ya karanta wannan ya ɗauka duk yaron da ke shiru a aji haka yake. Yaro ya taso da Hausa, ya shiga CI, ajin farko, aka tare shi da Faransanci, dole ya yi gum. Ka bi shi fili lokacin rekireyasiyo ka ji yadda yake tsara abokansa.

Majo_Saadu: Mushe ya riga ni. Mu nan cikin yankin sanƙarau muke, kuma sanƙarau na barin kurumta, wani lokaci kunne ɗaya ko rabi-rabi, ba a lura sai an daɗe. Haka ciwon kunnen da ke ta fitar da mugunya, haka zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa har da suma da jijjiga, yana iya barin matsalar magana da ɗaukar karatu. Inna, ya taɓa ɗaya cikin waɗannan? In kika kira shi ta baya a hankali yana juyowa?

Inna_Bagalam: Majo bai taɓa sanƙarau ba, alhamdu lillahi. Zazzaɓi dai na damina kamar kowa, bai taɓa suma ba. Ji kuwa, in aka buɗe ledar biskit a ɗaka yana zaure zai ji.

Ɗan_Gobir77: Ni dai salula nika zargi. Ɗiyan yanzu da waya sunka buɗe ido, ba tatsuniya ba dandali, ina za su koyi zance? Mu wurin kakanninmu munka ji habaici tun ba mu san mi a habaici ba.

Inna_Bagalam: Wayar gidanmu mai maɓalli ce malam. Kuma ƙaninsa ɗan shekara 5, gida ɗaya tuwo ɗaya, in na harare shi kawai ya san abin da nake nufi.

Rakiya_Ortofoni: Sannunku. 'Yar Maradi ce ni, Sabon Gari, amma aiki ya kai ni Yamai. Aikina gyaran magana da harshe, abin da ake kira ortofonis, a Lome na yi karatun. Inna, ba zan ce miki ga abin da ke damun ɗanki ba alhali ban gan shi ba, wanda duk ya yanke miki hukunci ta waya ki guje shi. Amma abin da kika zayyana yana da suna a littafin likitoci. In za ki faɗa wa likita, da Faransanci ana cewa trouble de la communication sociale. Da Hausa ni nakan ce wa iyaye lalurar zancen mu'amala. A 2013 ta shiga kundin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, amma an san da yaran tun kafin nan, tun 1983 wasu masu bincike biyu, Rapin da Allen, suka siffanta su da wani suna daban.

Gane ta na da wuya saboda yaron ba ya in'ina, ba ya tauye harafi, jimlarsa daidai take. Kalmomi yana da su, inda ake ajiye kowace ne bai sani ba. Abin da muke dubawa kusan duk kin faɗe shi da bakinki. Gaisuwa da buɗe zance, ga shi kin ce ba ya yi. Sauya murya da kalma gwargwadon wanda ke gabanka, ga kaka ga ƙane duk ɗaya. Dokokin hira, wato jiran a kai aya kafin ka shiga, fara labari daga inda mai sauraro zai gane, sake faɗa ta wata hanya in ba a fahimta ba. Sai na ƙarshe, gane abin da ba a faɗa ƙarara ba, kuma nan ne yaranmu suka fi shan wuya, don mu Hausawa rabin zancenmu a naɗe yake. Gatse, habaici, zambo, karin magana, hannunka mai sanda. Uwa ta ce "je ka mana" tana nufin kar ka kuskura. Yaro mai wannan lalura a gidan Bahaushe kullum cikin laifi yake, kuma bai san ƙofar da ya shiga ba.

Sharaɗi kuma shi ne abin ya faro tun ƙuruciya, kuma ya zama yana hana shi wani abu na zahiri, abokai ko karatu ko zaman gida. Ba a cika yanke ta kafin shekara 4 ko 5 ba, don ƙaramin yaro dama bai kai ga gatse ba. Ɗan shekara 3 da ya fasa kofi don an ce ya fasa, lafiyarsa lau.

Hajiya_Mokoyo: To ba ita ce galahanga ba? Ɗan maƙwabciyata haka aka ce musu.

Rakiya_Ortofoni: Hajiya kalmar nan galahanga ta zama buhun da ake zuba komai, mai shanyewar jiki, mai jinkirin fahimta, mai otizim, duk a ciki, shi ya sa ba na amfani da ita. In otizim kike nufi, tambayar ta yi kyau, don sai an tabbatar ba shi ba ne kafin a ce wannan ce. Ba a haɗa wa mutum ɗaya sunayen biyu. Mai otizim ma yana da wahalar mu'amala, amma yana da ƙari: maimaita motsi ɗaya kamar kaɗa hannu ko jujjuya jiki, jera kaya a layi, tashin hankali in an sauya masa tsari ko hanya, maƙalewa abu guda fiye da kima, ko ƙin wata ƙara, wani yadi, wani abinci har abin ya wuce misali. Kuma ba yau kaɗai ake tambaya ba, har baya ake tonowa. In yana yi yana ɗan shekara 3 ya daina, ana lissafa shi. Inna ki zauna da wadda ta taya ki rainonsa ku tuna tare.

Inna_Bagalam: Kaɗa hannu ban taɓa gani ba. Abinci kome aka ba shi ci yake. Amma akwai lokacin da ya yi ta tara marafan kwalba, ya cika gwangwani biyu. Wannan fa?

Maman_Tagwaye: In tara marafan kwalba ciwo ne to duk yaran Maradi a kai su asibiti, har da ubansu da ya yi mota da su.

Rakiya_Ortofoni: Maman Tagwaye kin ba ni dariya, kuma da gaskiyarki. Tarawa ba komai ba ne. Abin tambaya, da su yake wasa da yara ko shi kaɗai yake jera su awa da awa, in an taɓa ɗaya gida ya kama da wuta? Ki riƙe amsar ki kai wa wanda zai duba shi.

Abdul_Jamia: Ina da ja a nan, da girmamawa ga anti Rakiya. Na shiga intanet na duba alamomin da ake lissafawa, har da wai yaro ba ya kallon idon mai magana da shi. To mu nan yaron da ya tsura wa babba ido shi ne marar kunya. Amarya ba ta kiran sunan miji, uwa ba ta kiran ɗan fari, ga Inna ma ta nuna mana a sama. Yaro a gaban manya shiru ake so ya yi. In aka ɗauko ma'aunin Faransa aka aza mana, rabin garin nan marasa lafiya ne. Sannan su kansu masanan ba su gama yarda da juna ba, wasu na cewa wannan ba lalura ce mai zaman kanta ba, otizim ne mara ƙarfi ko kuma wani reshe na matsalar harshe. Hukumar lafiya ta duniya ma a kundinta na 11, wanda ya fara aiki a 2022, ƙarƙashin matsalar bunƙasar harshe ta sa ta.

Rakiya_Ortofoni: Abdul ba ka faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Gardamar tana nan har gobe. Takardar tambayoyin da aka fi sani ma, wadda Dorothy Bishop ta Ingila ta tsara, mai tambaya 70 da iyaye ke cikawa, da yaran can aka auna ta. Ni ba na ɗaukar makinta in liƙa wa ɗan Bagalam. Ma'aunina shi ne sa'o'insa na unguwarsu. Sunkuyar da kai gaban babba ai ƙwarewa ce, yaron ya gane wa ke gabansa ya sauya hali. Wanda ke damuna shi ne wanda bai san ana sunkuyarwa ba, bayan an nuna masa sau ɗari, alhali ƙaninsa ya ɗauka ba wanda ya koya masa. Sunan kuwa su je su yi ta gardama, yaron da aka daina wasa da shi yana nan a ƙofar gida ko da wane suna aka kira abin.

Mai_GyaranWaya: Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Shekarata 34, ina gyaran waya a kasuwa. Abin da Inna ta faɗa kamar ni ake ba labari. Tun ina yaro sunana a gida Dolo, alhali ni ke zuwa na ɗaya ko na biyu a lissafi. A fada in ana shan shayi ana zolaya, sai an gama dariya nake tambaya me aka ce, ko in ɗauki wasa da gaske in yi fushi, ko in faɗi abin da na ɗauka wasa ne a yi tsit. Abin da ba zan manta ba, lokacin da nake neman aure na je gaida baban yarinyar na tarar yana cin tuwo. Ya ce bismilla. Na wanke hannu na zauna na ci har na side kwano. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa wannan bismilla ba ta ci ba ce, kuma ba a cin abinci gaban suruki. Kowa wai ya sani. A ina kuka koya? Ya yi ta cewa "to madalla, a gaida gida," ni kuma ina ta ba shi labarin batiran waya. Auren bai yiwu ba. Yanzu ina da mata da 'ya'ya biyu, ita ke taka mini ƙafa a ƙarƙashi in na zarce. Tambayata, babba ma ana gane masa ko lokaci ya wuce?

Ɗan_Gobir77: Allah Sarki. Wallahi na yi dariya sannan kuma tausai ya kama ni. Ka yi haƙuri ɗan uwa.

Maman_Tagwaye: Matarka 'yar aljanna ce in sha Allah.

Rakiya_Ortofoni: Malam mai gyaran waya, na gode da ka rubuta ba ka goge ba. Ana dubawa ga babba, sai dai ya fi wuya, don babba ya riga ya haddace dabaru da yake rufe abin da su. Ya san in an ce kaza a ce kaza, kamar karatun allo, sai sabon yanayi ya zo ya tona shi, irin gidan surukai ko sabon wurin aiki. Dole a nemi wanda ya san ƙuruciyarka, mahaifiya ko yaya, don in abin bai faro tun yarinta ba to wani abu ne daban. Kuma kai ma sai an tambaye ka tambayoyin otizim ɗin nan, manya da yawa da ke zaton wannan ce, in an bincika sai a tarar can suka fi kusa. Akwai kuma mai tsoron mutane, wanda ya iya zance sarai da na gida, gaban jama'a ne zuciya ke bugawa baki ya mutu. Akwai mai gaggawa da rashin natsuwa, wanda ya san ba a katse babba amma bakinsa ke riga shi. Daga waje duk kama suke, maganinsu kuma ba ɗaya ba.

Uwargida_Zariya: To ni kam yau na gano ciwon maigidana. Shekara 12 ina yi masa habaici bai taɓa ganewa ba.

Hajiya_Mokoyo: Ke dai, wannan ganewa yake sarai, kuɗin cefane ne ba ya son ƙarawa.

Mushe_Lawali: Dariya dai dariya, amma ga inda nake jin tsoro. Gobe kowa ya ɗauki sunan nan ya riƙa jifan wanda ba ya so da shi. Mutum mai faɗin gaskiya ba kwana, ko marar son hayaniya, ko baƙon da bai iya Hausa sosai ba, ba shi ake nufi ba. Ɗan Zabarmawa da aka yi wa ubansa afektasiyo, canjin wurin aiki, zuwa nan ba zai gane karin maganarmu ba, a yarensa kuwa sarkin zance ne. In lalura ce, a kowane yare za ta bi shi.

Sani_Kabukabu: Tambaya gare ni. Kawuna ya faɗi a babur hanyar Madarunfa shekara 3 da suka wuce, kansa ya bugu. Ya warke, yana tafiya yana magana, amma ya zama wani mutum. Da mai kara ne, yanzu gaban kowa zai faɗi abin da ya ga dama, ba ya gane wasa, in ya fara magana ba ya bari. Ita ce?

Majo_Saadu: A'a Sani, kamanni ne kawai. Wadda ake magana da ita ake tasowa. Ta kawunka daga buguwar ƙwaƙwalwa ce, musamman in gaban kai ya taɓu. Ana ganin irin haka kuma bayan shanyewar ɓarin jiki da ta taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, da wani nau'in ruɗewar tsufa da ke farawa da sauyin hali kafin mantuwa. Duk babban da halinsa ya juya bayan da lafiya lau yake, likita za a kai shi ba a jira ba. Kai kuma ka riƙa sa kaske, hular kwano.

Sani_Kabukabu: Majo da zafin Maradin nan?

Majo_Saadu: Tambayi kawunka wanne ya fi zafi.

Malam_Limanci: Na ga ba wanda ya ambaci addu'a. Inna a dage da ita, a riƙa tofa masa safe da yamma. Amma ba na goyon bayan a ce aljanu ne a kai yaro a yi ta turara shi ana dukansa. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, neman masana ba ya karo da tawakkali. Kuma duka a kan abin da yaro bai gane ba zalunci ne, ko da uwa ce ta yi. Ban faɗa don in sosa miki rai ba 'yata, kin yi ne cikin rashin sani.

Inna_Bagalam: Na karɓa malam. Allah ya yafe mana.

Abdul_Jamia: Wani abu ya faɗo mini. Wasan taubasai da na ƙabilu, irin na Fulani da Barebari, wanda har UNESCO ta sa na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Gaba ɗayansa zagi ne da ba zagi ba. Mai wannan lalura yaya yake yi ranar da taubashinsa ya tare shi?

Mai_GyaranWaya: Na taɓa marin ɗan gwaggona a kan haka, muna samari. Ya ce ni bawansa ne, na ɗauka da gaske yake. Sai da aka zaunar da ni aka ce tsakaninku an halatta. Tun da aka faɗa mini a fili ban sake ba, yanzu har ramawa nake. Ni dai a gaya mini doka da baki, zan riƙe ta fiye da kowa.

Rakiya_Ortofoni: Jimlarka ta ƙarshe ita ce rabin aikina. Inna, ba ƙwaya ba allura, wanda ya ce zai sayar miki da maganinta kuɗinki yake so. Koyarwa ce, abin da sauran yara ke tsinta a iska shi sai an ɗora masa a hannu. Ki ajiye gatse tukuna, in kina nufin kar ya taɓa ki ce kar ka taɓa. Gaisuwa ku yi ta kamar wasan kwaikwayo kafin baƙo ya zo: ni ce kaka, shigo, durƙusa, me za ka ce? In an ce ina gajiya ana cewa ba gajiya ko da ka gaji, don ba tambaya ba ce, gaisuwa ce. In zai ba da labari ki tsayar da shi da wa, a ina, sai me ya faru. Karin magana ɗaya a mako, ki warware masa ita. Wasa kuma ki fara masa da yaro ɗaya mai haƙuri, ba taron goma ba.

Ba zan yi miki alƙawarin zai koma kamar ƙaninsa ba. A Birtaniya masu bincike na jami'ar Manchesta sun yi gwaji da yara 88 'yan firamare, aka buga sakamakon a 2012. Waɗanda aka yi wa horon musamman ba su fi sauran ba a jarrabawar harshe, amma an ga sauyi a yadda suke hira, iyaye ma sun shaida a gida. Ci gaba ake samu, a hankali.

Hajiya_Mokoyo: To a ina za a kai shi? Yamai fiye da kilomita 600 ce, kuɗin mota kaɗai jika nawa, ga masauki.

Majo_Saadu: A fara da abin da ke kusa. Likitan yara a nan Maradi, a nemi ya tura su gwajin ji na gaske, ba buɗe ledar biskit ba, Inna ki yi haƙuri. Yaro na iya jin ƙara amma wasu sautukan magana su riƙa kuɓuce masa. Daga nan likitan zai faɗi inda za a dosa. Ta tafi da kaye ɗinsa na lakwal da abin da mushensa ya lura da shi a rubuce.

Ɗan_Gobir77: Wasu Katsina suka zuwa ko Kano, ta hi kusa, kuma da Hausa za a yi ma yaro tambaya.

Abdul_Jamia: Wannan batu ne. In da Faransanci za a gwada yaron da ke CE1, me aka gwada, lalurar ko Faransancin?

Alhaji_NaKasuwa: Na dawo daga kasuwa na tarar an cika wuri. Na karanta duka. Ni dai har yanzu ina ganin yawancin yaran yanzu sakaci ne na iyaye, ba za ku canza mini wannan ba. Amma labarin mai gyaran waya ya tuna mini da wani yaron shagona da na sallama shekarun baya. Amana kam ko dala ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, amma mai saye zai ce kayan nan ya yi tsada, shi kuma ya ce e, wancan shagon ya fi araha. Na ɗauka mugunta ce. Allah ya sa ban ɗauki alhakinsa ba.

Maman_Tagwaye: Alhaji in kana da lambarsa ai ba a makara ba.

Inna_Bagalam: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na gwada abin da anti Rakiya ta ce. Na zama kaka, ya shigo ya durƙusa, na ce ina gajiya, ya ce ba gajiya. Sai ya ɗago ya ce "amma Inna in na gaji fa, ba ƙarya na yi ba?" Na rasa amsa, malam ko za ka taimaka. Marafan kwalba na tambayi ƙanwata, ta ce da yaran maƙwabta yake wasan, shi ne mai rabawa. Babansa na karanta masa abin da mai gyaran waya ya rubuta, bai ce komai ba, amma da safe ya tambaye ni ranar da likitan yara ke gani. Saura surukata, ita ta riga ta ce jinin gidanmu ne.

Malam_Limanci: Ki ce masa ba ƙarya ba ce, godiya ce ga Allah, kuma mai tambayar ya san haka, ba a yaudari kowa ba. In gajiyar ta dame shi ya faɗa bayan an gama gaisawa.

Mai_GyaranWaya: Wannan tambayar tasa na yi shekara 20 ina son yi wa wani.

Inna_Bagalam: Mushe Lawali, saura kai. Ta yaya zan yi wa madam ɗinsu bayani ba tare da ta ɗauka ƙararta na kawo ba? Kuma ba na so yara su ji su sa masa suna.

Mushe_Lawali: Kar ki tare ta a bakin aji, ajina kaɗai yara 74 ne, ba mai sauraron ki a lokacin. Ki same ta bayan an tashi, ki fara da tambayarta me ita ta lura da shi, za ki sha mamakin abin da ta riga ta gani. Kar ki kai mata sunan lalura tunda ba a tabbatar ba. Ki ce dai yaron ba ya gane gatse, a riƙa yi masa magana kai tsaye, kuma a zaunar da shi gaba kusa da yaro mai sanyin hali. Wace lakwal yake? Kar ki rubuta a nan, turo mini ta gefe, wataƙila na san direktan.